Wata huɗu ana yi min fomat, ashe RAM ɗaya ne ya lalace

Wallahi har yanzu in na tuna wata huɗun da na yi ina jigilar kwamfutar nan a bayan mashin sai raina ya ɓaci. Ta tebur ce, tokumbo, Windows 10 ne a kanta, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kan yi, guda biyu 4GB 4GB. Da ita nake haɗa sakamakon ɗaliban islamiyyarmu, babban yarona kuma da ita yake gwajin JAMB da daddare tunda yanzu jarrabawar a kwamfuta ake yi. Da shigowar hunturu ta fara, kana cikin aiki sai allon ya koma shuɗi, fuskar nan mai ɓacin rai ta fito, ƙidaya ta hau har 100% sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Da farko sau ɗaya a sati, daga baya har sau uku a dare ɗaya.

Mai gyaran farko ba zan faɗi sunansa ko shagonsa ba, na bar shi da Allah. Ko murfinta bai buɗe ba ya ce "Alhaji bairos ne, sai fomat," wato a goge komai a sake ɗora Windows. Na ce masa Malam akwai hotuna a ciki fa masu muhimmanci, ya ce ba komai zai kwashe min. Da na je ɗauka sai na tarar takarduna kawai ya kwafa a filash, folda ɗin hotunan da ke kan fuskar kwamfutar ko kallonta bai yi ba. A ciki akwai hotunan Hajiyarmu ranar sunan autata, taron ƙarshe da ta zauna da mu kafin rasuwarta, Allah ya jiƙanta, tana riƙe da jaririyar a cinya tana dariya, kuma wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da ɓata, nan ne kaɗai suke. Da na yi magana sai ya ce wai ai ban nuna masa wace folda ba ce. Ko haƙuri bai ba ni ba. Kwana shida da dawo da ita gida shuɗin allo ya dawo, na koma tunda na riga na biya, ya sake fomat, ya sake na uku, a na ukun ya ce to had-disk ne, wato inda take ajiye komai, ya gaji in sayi SSD, sabon samfurin da ake maye gurbinsa da shi, kun dai san kuɗinsa yanzu. Saura kaɗan in saya.

Ɗan ƙanwata ne ya haɗa ni da wani yaro abokinsa, ko shago ba shi da shi, tebur ne da benci a ƙarƙashin rumfa, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Tambayarsa ta farko ita ce, "Baba me take rubutawa a ƙasan shuɗin allon?" Wata huɗu ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Allah ya sa yarona yana ɗaukar hoton allon da waya duk sanda ta yi, muka buɗe, wani MEMORY_MANAGEMENT, wani IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wani PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Ya ce in sunan yana ta canzawa haka kuma an yi fomat sau uku bai daina ba, to a daina zargin manhaja a duba kayan ciki, kuma RAM ake fara tuhuma. Ya kuma gaya min duk sanda ta yi shuɗin allo Windows yana ajiye ɗan bayani a wata folda da ake cewa Minidump, da ita mai gyara zai gane inda abin ya fito, fomat ɗin da aka yi ta yi duk ya share su. Wato kuɗi na yi ta biya ana goge shaidar ciwon.

A gabana ya buɗe ta. Ƙurar hunturu ta yi cinkus a kan fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar an cusa auduga, ya hure da bulowa, ya zare RAM ɗin biyu ya goge bakinsu mai ruwan zinariya da kilinar fensir a hankali, sannan ya mayar da ɗaya kawai. Ya sa filash mai MemTest86, wannan ba ruwanta da Windows, daga filash ɗin take tashi ta yi ta rubutu a cikin RAM tana karantawa ta ga ko abin da ta rubuta shi ya dawo. Na farko zagaye huɗu ya yi, har na je sallar la'asar na dawo bai gama ba, ba kuskure ko ɗaya. Da ya sa na biyun ko minti goma ba a yi ba jan rubutu ya fara zubowa, layi bayan layi. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Gaskiya a lokacin ji na yi kamar in rungume yaron nan.

Amma fa shi ma ya ɓata min rai, ba zan ɓoye ba. Ya ce in bar ta zai samo wani RAM ɗin in dawo ranar Alhamis, na je Alhamis ba ya nan, waya a kashe, Asabar haka, sai Talata na same shi, ga jarrabawar yaro saura kwanaki yana ta zuwa kafe yana biyan kuɗin awa. RAM ɗin da ya kawo kuma na hannu ne, na yarda irin nata, DDR3, ya zama tsohon yayi sabonsa ba ko'ina ake samu ba, to amma ai sai ka faɗa min da bakinka, ba sai na ga ɓawon takardar jikinsa ya ɗaye na tambaya ba. Ƙusa ɗaya ta murfin ma har yau babu. Da a ranar Talatar nan na rubuta wannan da ba haka zan rubuta ba.

Yau sati bakwai ke nan ba ta yi shuɗin allo ko sau ɗaya ba. Sau ɗaya ta ɗauke ɗif ba shuɗi ba komai, na kira shi a tsorace, ya ce wannan daban ne Baba, wuta ce ta yi ƙasa, in samu UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta, kuma haka ne don kwan ɗakin ma ya dushe a lokacin. Ya kuma gaya min gaskiya cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesar tawa ta tsufa ga Windows 11, kar wani ya karɓi kuɗina a kan haka. In taku tana irin wannan, don Allah kafin ku yarda da fomat ku ɗauki hoton rubutun, ku ce a gwada RAM ɗaya bayan ɗaya, kuma ku kwashe hotunanku da hannunku.

Hotunan Hajiya ya gwada dawo da su, dare guda ya bar had-disk ɗin yana bincike, ko kwabo bai karɓa ba a kan wannan. Ya ce da bayan fomat ɗin farko aka kawo da wataƙila an samu da yawa, amma an ɗora Windows a kansu har sau uku. Goma sha ɗaya ne suka buɗe, wasu rabinsu toka-toka. A guda biyu fuskarta ta fito sosai, wanda take riƙe da jaririyar kuwa daga kafaɗarta zuwa ƙasa ne kawai ya rage, sai hannunta da zanen goyon.