Gidan kallon Aboabo da ke nuna NFL ranar Lahadi: ra'ayina, da rigimar Jeanty

Idan kana Kumasi kuma kana cikin 'yan tsirarun da ke buga fantasi na ƙwallon Amurka, wato wasan da kake zaɓar 'yan wasan gaske kana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili, akwai wani gidan kallo a Aboabo da ya kamata ka sani, don a iya yawona cikin zongo shi kaɗai na gani yana saka NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da gangan ba wai rimot ne ya kuskure ba. Taurari uku da rabi zan ba shi cikin biyar, rabin nan ma albarkacin mutanen da ke zama a wurin ne ba kayan aiki ba.

Bari in fara da abin da ido ke gani. Talabijin biyu ne, babba a gaba da ƙarami a gefe kusa da mai ataya. Benci ne na katako sai kujerun roba 'yan kaɗan, fanka biyu ɗaya na aiki ɗaya sai dai ta juya kai kawai. Janareta akwai kuma gaskiya ba ya ɓata lokaci idan an ɗauke wuta, wannan na yaba. Kuɗin shiga bai kai na waakye da ƙwai ba kuma yana karɓar MoMo. Wayfai kam kar ka sa rai, ka zo da datarka don duk mai fantasi rabin idonsa na kan waya ne yana duba maki.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Wasannin farko na Lahadi ƙarfe 1 na rana suke farawa a gabashin Amurka, wato ƙarfe 5 na yamma a nan Gana, sai a Nuwamba idan sun juya agogonsu ya koma ƙarfe 6. To ƙarfe 5 ɗin nan babban wasan Firimiya bai ƙare ba, kuma wlh babu wanda zai cire Arsenal ko Man U daga babban allo saboda mu. Sai a tura mu ƙaramin talabijin babu sauti, muna zaune kamar marayu har a tashi wasan. Na yi wa mai gidan magana ya ce min "Massa ku nawa ne duka, ƙirga kanku ka ƙirga su", kuma gaskiyarsa ne. Da magariba ana fita salla a dawo, babu wanda zai taɓa maka kujera, wannan ma abin yabo ne. Wasan dare kuwa da ke farawa bayan ƙarfe 12 ba ya nunawa sam, ƙarfe 11 da 'yan mintuna ya fara tattara benci ko da wasan yamma bai ƙare ba, abin nan yana ci min rai sosai.

Amma abin da ya sa nake komawa shi ne musu. A nan muka yi diraf ɗin lig ɗinmu na kakar 2025, wato zaɓen 'yan wasa bi da bi, a manhajar Sleeper, kowa da wayarsa, kuma tun daga ranar maganar Ashton Jeanty ta raba wurin gida biyu. Ga wanda bai sani ba, shi ne yaron da Las Vegas Raiders suka ɗauka na 6 a diraf ɗin NFL na 2025, mai gudu da ƙwallo ne, daga jami'ar Boise State. Ciyaman ɗin lig ɗinmu ya ɗauke shi a zagayen farko ko ƙyafta ido bai yi ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A kakar 2024 a jami'a yaron ya yi gudun yadi 2,601, yadi 27 kacal ya rage ya kamo tarihin Barry Sanders na 2,628 da ya tsaya tun 1988, ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i bayan Travis Hunter. Ciyaman ya ce ƙungiya ba ta kashe lamba 6 a kan mai gudu ta ajiye shi a benci, kuma Pete Carroll, kocin Raiders a 2025, tun yana Seattle an san shi da son gudu da ƙwallo, ai zamanin Marshawn Lynch ba a manta ba. Sai ya kawo Ezekiel Elliott da ya yi yadi 1,631 a shekararsa ta farko a 2016, da Saquon Barkley da ya kama ƙwallo 91 a 2018 yana sabon shiga, wanda a tsarin PPR da muke bugawa kowane kamu maki ɗaya ne tun kafin a ƙirga yadi.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, ya yi shekaru a Amurka yana tuƙin tasi kafin ya dawo gida, shi ne ke ɗaya ɓangaren kuma ni bayansa nake. Abin da yake cewa kullum shi ne fantasi ba ta biyan ka don yaro ya iya, tana biyan ka ne don an ba shi ƙwallo kuma an buɗe masa hanya. Elliott da ake ta ambato ai a bayan layin masu buɗe hanya na Dallas ya yi gudu, lokacin da suke da Tyron Smith da Zack Martin da Travis Frederick, katti uku da ko ni aka ba ƙwallo a bayansu sai na ci yadi biyu kafin a kwantar da ni. Raiders kuwa a 2024 su ne na ƙarshe a gudu da ƙwallo a duk lig ɗin, wasa 4 suka ci aka ci su 13. Ƙungiyar da kullum ake binta bashin maki dole ta riƙa jifa don ta kamo, sai mai gudu ya koma ɗan kallo a zango na huɗu, kuma zango na huɗun nan shi ne inda masu gudu na ƙungiyoyi masu ƙarfi ke tara yadi suna cinye lokaci.

Sannan su wa ya yi wa wannan ɓarnar a jami'a? A lokacin Boise State a rukunin Mountain West take, ba inda manyan ƙattin suke ba. Da suka haɗu da Penn State a Fiesta Bowl sau 30 ya ɗauki ƙwallo ya samu yadi 104, ba laifi amma ba irin abin da aka saba gani daga gare shi ba. Da Baba Alhaji ya faɗi wannan sai ciyaman ya miƙe tsaye ya ce "Baba da girmanka, ai su goma sha ɗaya shi kaɗai suke jira, kuma duk da haka ya wuce ɗari", wurin ya ɗauki ihu har masu kallon La Liga suka juyo suna tambaya ko faɗa ake.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai Bijan Robinson ne a 2023. Atlanta ta ɗauke shi na 8, kowa ya ruga ya ɗauke shi da wuri a fantasi, sai koci Arthur Smith ya riƙa raba ƙwallon tsakaninsa da Tyler Allgeier, a bakin layin ci ma sau da yawa ba shi ake ba ba. Yaron ya iya, kowa ya gani daga baya, amma wanda ya saye shi da tsada a shekarar farko ya sha haushi. Ga kuma Clyde Edwards-Helaire a 2020, don kawai Kansas City ce ta ɗauke shi kusa da mai jifansu Mahomes mutane suka haukace a kansa, ashe Jonathan Taylor da aka ɗauka a zagaye na biyu shi ne nama. To ban ce Jeanty ba zai yi ba, aiki kam zai samu don babu wani babba da zai ƙwace masa ƙwallo a can, kuma gajere ne mai ƙarfi da wuya mutum ɗaya ya kayar da shi. Farashin ne ban yarda da shi ba. A zagayen farko gara in ɗauki mai kama ƙwallo da na riga na ga aikinsa, in dawo daga baya in nemi Omarion Hampton na Chargers da aka ɗauka na 22, tunda kocinsu Jim Harbaugh shi ma ba ya wasa da gudu, ko in jira TreVeyon Henderson na Patriots. Idan lig ɗin daular nan ce da ake riƙe ɗan wasa shekara da shekaru to wannan daban, Jeanty ne na ɗaya babu musu.

Irin wannan hirar ba za ka same ta a ɗakinka kana kallo a waya ba, kuma mutanen wurin ba sa raina sabon zuwa. Wani yaro ya shigo bai ma san me ya sa ake tsayar da wasa kowane minti ba, Baba Alhaji ya zaunar da shi ya zana masa dawun huɗu da yadi goma, wato dama huɗu da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, a bayan kwalin sukari, da ya ji cewa Ezekiel Ansah da Detroit ta ɗauka na 5 a 2013 haifaffen Accra ne sai ga shi ya dawo mako na gaba da abokinsa.

Abin da zan roƙi mai gidan, Yaya dan Allah ka gyara fankar baya, ka sa wa ƙaramin talabijin ɗin sifika ko ƙarama ce, kuma ka ƙara soket don mutum takwas a kan caja biyu fitina ce. Wanda zai je kuma ya je kafin ƙarfe 5 ya kama bencin hagu kusa da mai ataya, daga nan ne kawai ake ganin lambobin ƙasan allo, kuma ya zo da wayarsa cike da caji.