Gargaɗi kan tikitin jirgi mai rahusa da ke ɓacewa kafin ranar tafiya

Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ko watan azumi ya gabato, sai tallan tikitin jirgi mai rahusa ya cika Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp, ana yi wa jama'a alkawarin kai su Dubai ko Alƙahira ko Jidda a kan farashin da bai kai na kamfanonin jiragen ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabo, don haka babu laifi magidanci ya nemi sauƙi, musamman idan da iyali zai tafi. Wannan buƙata ce 'yan damfara suka mayar kasuwa, kuma dabarar da suka fi amfani da ita tana da wuyar ganewa ga wanda bai saba tafiya ba.

Wakilin tafiye-tafiye yana iya riƙe wa mutum kujera a jirgi na ɗan lokaci, galibi kwana ɗaya zuwa uku, ba tare da an biya ko sisin kwabo ba, kuma na'ura za ta fitar da wata lamba mai haruffa da alƙaluma 6. Ɗan damfara sai ya karɓi hoton fasfonka, ya riƙe kujera da sunanka, ya turo maka lambar, har ya ce ka duba shafin kamfanin jirgin da kanka don ka gaskata. Idan ka duba za ka ga sunanka da ranar tafiya da lambar jirgin, sai hankalinka ya kwanta ka tura kuɗi. Shi kuwa ba zai biya kamfanin komai ba. Da zarar wa'adin ya cika, na'ura za ta soke kujerar da kanta, kuma akwai waɗanda ba sa sanin halin da suke ciki sai sun isa filin jirgin Malam Aminu Kano da kayansu da 'yan rakiya, sannan a shaida musu cewa babu sunansu cikin fasinjoji.

Shaidar cewa an biya ita ce lambar tikiti mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya fitar da shi: 077 na EgyptAir ne, 071 na Ethiopian Airlines, 065 na Saudia, 176 kuma na Emirates. Kada ka wadatu da takardar da aka turo maka, domin haɗa ta a kwamfuta abu ne mai sauƙi. Ka je ofishin kamfanin jirgin ko ka kira su, su tabbatar maka an fitar da tikitin.

Ko wannan ma ba ya kore haɗari gaba ɗaya, saboda wasu da katin bankin sata suke sayen tikiti na gaske, su sayar da arha. Ranar da mai katin ya kai ƙorafi sai kamfani ya soke tikitin, wani lokaci bayan matafiyi ya riga ya isa ƙasar waje, ya rasa na dawowa. Shi ya sa sanin wanda kake ciniki da shi ya zama wajibi. Wanda ba shi da ofishin da za ka taka ka je, wanda ya ba ka asusun wani mutum maimakon na kamfani, yana kuma matsa maka cewa saura kujera biyu, ka rabu da shi. Abin da ya fi baƙanta mini rai shi ne yadda suke cika magana da rantsuwa da ambaton Allah idan Umara ce, suna cin amanar dattawan da suka yi shekaru suna tari. Ga Umara a Najeriya, ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON. Ga sauran tafiye-tafiye, ka bincika ko yana da rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko yana cikin NANTA, ƙungiyar wakilan tafiye-tafiye ta Najeriya. Takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC ita kaɗai ba ta nuna cewa mutum yana da ikon fitar da tikiti.

Sauƙi na gaskiya yana samuwa ne ta hanyar sayen tikiti da wuri, da kauce wa goman ƙarshe na Ramadan da makonnin ƙarshen Disamba, da yarda a ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take don a yi ƙoƙarin tsayar da asusun da aka tura wa, ya adana rasit da duk saƙonnin da suka yi musaya, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kuma yi hattara da duk wanda zai kira shi daga baya yana cewa zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya wani abu tukuna, domin sau da yawa mutanen farko ne suka sake dawowa.