Motar haya daga Kigali zuwa dajin Akagera: ta biya kuɗinta, amma a leƙa bayan but

Sana'ata sayar da motoci ce a nan Legas, don haka idan aka miƙo mini makulli ba fenti nake fara kallo ba. Da wannan idon na auna ƙaramin kamfanin da ya ba mu mota haya a Kigali, ni da ƙanina da wasu aminaina biyu 'yan kasuwar Mile 12, muka tuƙa kanmu zuwa gandun dajin Akagera da ke gabashin Ruwanda, kan iyaka da Tanzaniya.

Alhaji, babba a cikinmu, Kenya ya so. Ni na ja shi zuwa Ruwanda saboda hannun tuƙi. Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Namibiya duk ta hagu suke bi, Ruwanda kuwa ta dama, kamar yadda muke yi a Najeriya tun 1972. Wanda ya goge a cunkoson Oshodi hannunsa ya riga ya san inda zai kauce, kuma ba gaban giwa ne wurin koyon sabon hannu ba. Ga kuma sauƙin biza: ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Afirka ana buga masa izinin kwana 30 a filin jirgi ba tare da ya biya ba, RwandAir kuma na tashi kai tsaye daga filin Murtala Muhammed. A dai riƙe katin rigakafin shawara.

Ta WhatsApp muka yi ciniki, kuma a nan ba ni da abin cewa. Ana tambaya suna amsawa, sun turo hoton ainihin motar da lambarta, suka nemi hoton fasfo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Su ne ma suka ja kunnenmu kada mu sa ranar karɓar mota a Asabar ɗin ƙarshen wata da safe, domin ranar ce ake aikin gayya na ƙasa da suke kira Umuganda, shaguna a rufe, motoci ba sa zirga-zirga sai hantsi ya dubi ludayi. Da ba su faɗa ba, da mun yi zaman jiran gawon shanu a otal.

Motar tsohuwar Toyota RAV4 ce, irin wadda nake sayar wa malaman makaranta. Injin lafiya lau, ba hayaƙi, birki na kamawa, giya na shiga ba gardama, na'urar sanyaya mota na aiki sosai. Wannan na ƙarshen ba gata ba ne, dole ne, domin a kudancin dajin akwai ƙudan tsando, cizonsa kuma har ta cikin riga yake shiga. Gilashi a rufe za ka yi tafiya, kuma ka bar baƙar riga da shuɗiya a jaka, su ne ke jawo shi.

Matsalar tana bayan but. Safaya taya ta suɗe kamar tafin hannu, jak babu hannunsa, abin kwance noti kuma bai dace da notin motar ba. Yaron da ya kawo motar ya ce ai ba a taɓa samun faci ba. Na ce masa, ɗan samari, koma ka kawo wata. Sun canza, amma safiyar ta tafi. Wanda bai san mota ba haka zai karɓa ya shiga daji, ga hanyar tsakuwa, ga takardar yarjejeniya da ta ce inshorarsu ba ta ɗaukar taya da gilashi. Kayan kwana da suka haɗa mana su ma da sauƙi-sauƙi: tanti biyu masu kyau, katifu sirara, tukunyar gas da ta kusa ƙarewa.

Daga Kigali ta Rwamagana zuwa Kayonza kwalta ce sumul, tafiyar duka zuwa ƙofar kudu ba ta wuce awa biyu da rabi zuwa uku ba. Sai dai direban Legas ya riƙe ƙafarsa. Kyamarorin kama masu gudu na nan gefen titi, ba ɗan sandan da za ka ce wa ranka ya daɗe a yi haƙuri, lambar mota kawai ake aika wa tara. Mun cika tanki a Kayonza. Cefane kuwa tun a kasuwar Kimironko muka yi, nama muka saya a Nyamirambo, unguwar Musulmi, inda ba ka shakkar yanka. Ban da leda: tun 2008 aka hana ta a ƙasar, jakar takarda ko ta yadi ake amfani da ita.

Dajin kansa ya fi abin da na zata. An kafa shi a 1934, faɗinsa murabba'in kilomita 1,122, kuma bayan kisan kiyashin 1994 ya kusa mutuwa, an yanki kaso mai yawa an ba 'yan gudun hijirar da suka dawo da shanunsu, zakuna suka ƙare. Tun 2010 ƙungiyar African Parks ke tafiyar da shi tare da hukumar raya ƙasa ta Ruwanda. A 2015 aka kawo zakuna bakwai daga Afirka ta Kudu, a 2017 baƙaƙen karkanda, a 2021 kuma fararen karkanda 30. Wanda ya san Yankari zai ga bambanci a tsari tun daga ƙofa: rasit, taswira, da bayanin doka kafin ka tayar da mota. Ba a wuce kilomita 40 a awa, ba a sauka daga titi, ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe.

Da aka ce mu ɗauki ɗan jagora daga cikin matasan ƙauyukan da ke kewaye, ƙanina ya ce, Yaya, ba don gudun kashe kuɗi muka tuƙo kanmu ba? Alhaji ya ce a ɗauka, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a tafiyar. Jakin dawa da ɓauna da raƙumin dawa ko makaho ya gan su, amma zakunan da muka tarar kwance a inuwa a filin Kilala, can arewa, da mu kaɗai ne da mun wuce su muna hira. Daga kudu zuwa arewa wuni guda ne cur, don haka a yi sammako da an buɗe ƙofa ƙarfe shida. Mun kwana a sansanin Shakani a bakin tafki, dorina na gurnani, Alhaji ya raya daren da nafilfilin da bai yi niyya ba. Yawon kwalekwale a tafkin Ihema kuɗinsa daban, amma a nan muka ga kada da dorina dab da mu.

Batun aljihu: sauƙin yana cikin yawa ne. Haya da mai da jagora, aka raba huɗu, sun yi mana arha ƙwarai a kan abin da kamfanonin yawon buɗe ido suka yanka mana da motarsu da direbansu. Kuɗin shiga kuwa kowa kansa yake biya wa, ba ragi don kun zo da yawa. Mutum ɗaya ko biyu ba za su ga wannan ribar ba. Kuma a nemi rani, tsakanin Yuni da Satumba. Da ruwan Maris zuwa Mayu ba zan shiga wancan dajin da RAV4 ba.

Inda kamfanin ya ɓata mini rai shi ne kuɗin ajiya. Da dala muka ba su, da muka dawo da mota sai suka cire tarar gudu, alhali kwanan watan da ke jikinta ya riga ranar da muka karɓi makulli. Sai da na ajiye takardar yarjejeniya kusa da saƙon tarar kafin manajan ya ce kuskure ne. Sauran kuɗin ya so ya ba mu da faran ɗin Ruwanda a farashin da ko ɗan canjin Agege mafi tsauri zai ji kunyar faɗa. Muka tsaya kai da fata sai dala, aka kawo.

Zan sake karɓar mota a hannunsu, saboda injin da kuma yadda suke amsa waya. Amma kafin in sa hannu sai an rubuta ranar da sa'ar karɓa, an rubuta cewa ajiyar dala da dala za ta dawo, sannan an ɗaga motar da jak ɗinsu a gabana.