Sharhi a kan kafson bitamin E mai 400 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin)

Na sayi wannan kafso mai santsi a kemis, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne an narkar da bitamin ɗin a cikin mai, domin ƙaramin hanji ba ya tsotsar bitamin E yadda ya kamata sai da maiƙo da ruwan matsarmama. Bayan ya tsotse shi, yana naɗe shi tare da kitsen abinci cikin ƙananan ƙwayoyi da ake kira kailomaikuron, waɗanda ke bin magudanar ruwan limf, wani ruwa da ke zagaya jiki ta hanyoyi daban da na jini, kafin su faɗa cikin jini, daga nan hanta ta zaɓi nau'in bitamin E da ake kira alfa-tokoferol ta sake tura shi sassan jiki.

Inda na ga gazawa shi ne takardar kwalbar ba ta ce a sha shi bayan abinci mai maiƙo ba, kamar miyar gyaɗa. Yawansa ma ya wuce kima, tunda miligiram 15 ke isar babban mutum a rana, alhali ƙwaya ɗaya ta wanda aka haɗa a masana'anta tana ɗauke da 180. Ya kamata mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya fara tuntuɓar likita, domin haɗa su kan jawo zubar jini.