Aikin hamok da layin taƙaitawa: ina suka rabu?

Injiniya, ka ce ka ga "hamok" a jadawalin da ɗan kwangila ya turo maka, kana tambaya ko shi ne layin taƙaitawa da ka saba gani a manhajar tsara ayyuka ta Microsoft Project. Kama ce kawai, don dukansu ba a rubuta musu adadin kwanaki da hannu. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

Sunan ya samo asali ne daga ragar kwanciyar nan da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu. Ba ta da ƙafa, tsayinta ya dogara da tazarar bishiyoyin. Aikin hamok ma haka yake: farkonsa a ɗaure yake da ranar da wani aiki zai fara, ƙarshensa kuma da ranar da wani zai ƙare.

A ce gini ne. Maigadi zai fara kwana a fili ranar da aka soma haƙa fandisho, ba zai tafi ba sai an gama fenti. Idan tsakanin kwana 90 ne, ruwan sama ya ja zuba kankaren rufi da kwana 10, layin maigadi zai koma 100 da kansa, kuɗinsa ma ya ƙaru. Haka hayar janareta da albashin mai kula da fili. Waɗannan kuɗaɗe ba bulo suke bi ba, kwanaki suke bi, kuma su ne suke cinye riba a ɓoye idan aiki ya ja.

Layin taƙaitawa kuwa uba ne da 'ya'yansa. Ayyukan da ka tura ƙarƙashinsa kaɗai yake tattarawa, ya ɗauki wanda ya fi saurin farawa da wanda ya fi jinkirin ƙarewa, ya haɗa kuɗinsu. Hamok ba ruwansa da wannan dangantaka. Zai iya rataya tsakanin wani aiki a sashen fandisho da wani can a sashen wayarin.

Wajen haɗawa ma da bambanci. Microsoft Project bai zo da hamok a shirye ba. Sai ka kwafi ranar farawar aiki na farko ka liƙa ta a gurbin ranar farawar hamok da Paste Link, umarnin da ke ɗaure kwafin da asalinsa, ka yi haka da ranar ƙarewar na ƙarshe. Yana aiki, amma igiyar ba ta da ƙwari. Ni dai duk lokacin da fayil ya zaga hannun mutane ya dawo, sai na sake duba ta. Kada kuma ka sa wa hamok ɗin wani aiki da zai jira, rikicewa zai yi. Tsohon Primavera P3, wata manhajar tsara ayyuka, yana da hamok da sunansa, a P6 da ya gaje shi kuma nau'in aikin da ake kira Level of Effort ne yake wannan aikin.

Idan rahoto za ka kai wa mai gini, layin taƙaitawa ya wadatar. Hamok ɗin ɗan kwangilarka kuwa, buɗe shi ka ga da waɗanne ayyuka biyu ya ɗaure shi, don duk kwanan da suka ƙara, a lissafin kuɗinsa za ka gan shi.