Hattara da masu cewa za su saita muku adaftar waya daga nesa

Jama'a don Allah duk mai amfani da adaftar wayar intanet a gida ya karanta wannan, ina nufin ƙaramin akwatin nan da ake jona wa wayar tebur sannan a haɗa shi da rawuta, irin su Linksys PAP2T ko Cisco SPA112 ko Grandstream HT801. Akwatin ba shi da laifi, masu zagaye da shi ne matsalar.

Ga yadda suke yi. Mutum zai yi korafi a guruf cewa lambobin tauraro sun ƙi aiki, ya danna *72 don juya kira zuwa wata lamba ko *67 don ɓoye lamba amma shiru, kafin ka ce kwabo wani ya biyo shi ta inbos wai shi injiniya ne, ka saukar da AnyDesk ko TeamViewer ya shiga kwamfutarka ya gyara maka. Wasu kuma akwatin suke sayarwa da arha wai "an riga an saita komai". Wallahi wannan kalmar kaɗai ta isa ta sa ka ja baya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gyaran ba wani abu ba ne. A na Linksys da Cisco akwatin ne da kansa yake riƙe waɗannan lambobin, suna jere a shafin Regional na saitin akwatin, in kana so su wuce zuwa kamfanin layinka sai ka goge su a can, ka tabbatar akwai *xx a cikin Dial Plan, wato gurbin da ke tsara lambobin da akwatin zai bari a buga, shi ke nan fa.

Su abin da suke nema sunan akawun ɗinka na SIP ne, wato akawun ɗin da kamfanin layinka ya ba ka don kira ta intanet, da faswod. Da sun samu sai su ɗora a nasu na'urar, cikin dare kana barci su yi ta kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda ake ba su kaso a kowane minti, in kuma ka haɗa katin banki yana zuba kiredit da kansa to sai dai Allah ya kiyaye. Na biyu ya fi muni, akwai gurbin Profile Rule inda akwatin ke zuwa ɗauko saitinsa, sai su sa adireshin sabarsu a ciki, ko ka gyara yau gobe ya koma ya ɗauko nasu. Kuma da *72 ɗin nan za su iya juya kiranka zuwa wayarsu, har kiran da banki ke yi don karanto maka lambar sirri.

In ka riga ka ba wani dama kar ka tsaya jira. A Linksys ko Cisco ɗaga waya ka danna  tauraro sau huɗu (****) sai 73738# ka tabbatar da 1, zai goge komai, **** sai 110# kuma zai faɗa maka adireshin IP na akwatin. Shiga shafin kamfanin layinka ka canza faswod, ka rufe kiran ƙasashen waje in ba ka buƙata, ka kashe zuba kuɗi na kai tsaye, ka duba jerin kiran da aka yi. Danna *73 ka soke juya kira, ka cire AnyDesk ɗin, ka rufe duk ƙofar da ya sa ka buɗe a rawuta musamman ƙofa mai lamba 5060 da SIP ke amfani da ita. In ka goge amma adireshin nan nasu ya sake dawowa, cire akwatin daga wuta kar ka ƙara jona shi.