Umrar Inna: tikiti ya yi araha, hanya ta yi tsawo

Da muka sayar da riɗin bana sai na cika alkawarin kai Inna Umra. Daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim na shiga Kano wajen wani ejan mai shirya tafiye-tafiye, wanda abokin kasuwata ya haɗa mu. Biza ta fito a ranar da ya ce, masaukin Makka kuwa da ƙafa muke zuwa Harami. Nan kam sai godiya.

Maganar hanya ce ta ɓata min rai. Na ce masa, "Alhaji, awa nawa za mu yi a sama? Tsohuwa ce, ga ciwon gwiwa." Ya ce ai Kano zuwa Jidda wajen awa 5 ne. Bai yi ƙarya ba, domin in jirgi ya miƙe, nisan bai fi kilomita 3,400 da ɗoriya ba. Abin da ya haɗiye shi ne, tikitin mai rahusa da ya yankar mana na yada zango ne a Addis Ababa. Kano zuwa Addis kaɗai ta haura kilomita 3,300, kusan duk tafiyar ke nan, sannan a sake ɗaukar ku a nausa arewa wajen kilomita 1,400. Ni ma da laifina, rubuce yake a takardar, ban lura ba sai a filin jirgin Malam Aminu Kano.

A Addis muka kusan kwana a kan kujera. Garin yana kan tudu ne, sama da mita 2,300, sanyin darensa ba wasa, ga Inna da ɗan mayafi shara-shara. Agogonsu ya riga namu da awa 2, daidai da na Saudiyya, har sai da na tambayi wani Bakano kafin na gane lokacin Asuba ya shiga. Haramina kuma yana can cikin babbar jaka a cikin jirgi, don ba wanda ya ce min in riƙe shi a hannu, alhali daga nan ya kamata in ɗaura tunda a sama ake wuce mikati. Wani dattijo mai guda biyu ne ya rufa min asiri.

Zan iya komawa wajen ejan ɗin, amma kafin kwabo ya fita zan ji ko jirgin kai tsaye ne, awa nawa ne jira, kuma ko ya nema wa tsohuwa keken turawa.

Inna dai ko a jikinta. Ina ta mita, ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Yayan babana da ƙafa ya bi ta Chadi da Sudan har Suwakin, a nan ya shiga jirgin ruwa ya haye Bahar Maliya. Sai da na yi wayo ya dawo. Miƙo min bargon nan."